Sharhi: Kafin ka miƙa kuɗi ka ɗauko kunkuru zuwa gida

Ranar 23 ga watan Mayu ita ce ranar kunkuru ta duniya. Wata ƙungiya ce ta Amurka ta ƙirƙiro ta a shekarar 2000, kuma in ka faɗa wa mutumin Konni haka, dariya zai yi, ya ce duniya ta ƙoshi. To amma ranar ta faɗo daidai lokacin da zancen ya shafe mu. Ƙarshen bazara ne, hadari ya fara haɗuwa. Da ruwan farko ya sauka ciyawa ta tsiro, kunkuru kan baro raminsa ya fito kiwo, a nan ne makiyaya da ƴan itace da yara masu zuwa gona ke cin karo da shi. Daga daji sai cikin buhu, daga buhu sai gari.

A ƙasar Konni, Malbaza da Illela ajiye kunkuru a gida ba baƙon abu ba ne. Wasu don sha'awa, wasu don yara su samu abin kallo, wasu kuma suna da imanin cewa gidan da ke da kunkuru sammu da mugun baki ba su kama shi. Akwai masu nemansa don haɗa magani. Ba mu kaɗai ba ne: a ƙasar Dogon ta Mali ana ajiye shi a gidan babban dattijon gari ana girmama shi, a Najeriya kuma fadar sarkin Ogbomoso ta yi suna da wani kunkuru mai suna Alagba, wanda ya mutu a watan Oktoba na 2019. Fadar ta ce shekarunsa 344, masana suka ce ina, wannan lissafi ya yi yawa. Ko ma dai nawa ne, har ma'aikata aka ware masa masu kula da shi. Wannan ya ishe mu gane cewa riƙon kunkuru aiki ne.

Tambayar da ke gabanmu ita ce: wanga ɗan kunkuru da ake miƙo maka a bakin tasha ko a gefen kasuwa, daga ina ya fito, kuma me sayenka ke jawowa?

Babban kunkurun tudu na Sahel, mai launin rairayi da ƙayoyi a cinya, shi ne na uku a girma a duniya, bayan na tsibiran Galapagos da na Aldabra. A kan babbar ƙasa kuwa babu wanda ya kai shi. Namiji kan haura kilo 50, an samu wanda ya kai kilo 100. Mazauninsa ya taso tun daga Senegal da Moritaniya, ya ratsa Mali, Burkina Faso, Nijar, arewacin Najeriya, Chadi da Sudan, har Habasha da Eritiriya. A taswira fili ne mai faɗi. A zahiri kuwa tsiraru ne nan da can, kamar gonar da fara ta bi. A 2021 ƙungiyar IUCN, mai lissafin halittun da ke cikin haɗari, ta ɗaga matsayinsa zuwa jerin waɗanda ke fuskantar barazanar ƙarewa. A Nijar, wuraren da aka fi sanin yana nan da sauransa su ne gandun dajin W da yankin Termit da Tin Tumma, wato nesa da gonaki da garuruwa.

Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. A 1960 mutanen Nijar ba su kai miliyan 4 ba, ƙidayar 2012 ta ba da miliyan 17 da ɗoriya, yau kuwa an wuce nan da nisa. Daji ya zama gona, burtali ya matse. Farin 1973 da na 1984 sun cinye ciyawa da itatuwa. Masana da suka bi sawunsa a Burkina Faso da maƙwabtanta sun gano cewa inda shanu suka yi yawa kunkuru kan yi ƙaranci, don abincinsu ɗaya ne kuma saniya ta fi shi sauri da baki. Sun kuma lura ya fi son bakin ƙoramu masu ƙafewa da rani, inda ƙasa ke da taushin haƙa da ɗan danshi. Duk wanda ya san kwarin Maggiya ya san irin waɗannan wurare su ne manomi da mai garka da makiyayi duk suke rububi. Sai gobarar daji, wadda barewa ke tsere wa, shi ko ba ya iyawa.

A kan duk wannan ne ake ɗora kamu. Nan ne lissafin ke da ban tsoro. Macen kunkuru ba ta fara ƙwai sai ta shekara 10 zuwa 15. Takan zuba ƙwai 15 zuwa 30 a rami ɗaya, amma dila, guza, hankaka da karnuka ba su barin da yawa. Abin da ke riƙe da zuri'ar shi ne uwar tana daɗewa, tana yi tana maimaitawa shekara bayan shekara. In ka ɗauke uwa guda daga daji, ka ɗauke ƙwan shekara talatin ko arba'in masu zuwa. Mun ga yadda manoman Maradi da Zinder suka maido da gawo da sauran itatuwa a gonakinsu tun daga shekarun 1980, ta hanyar barin tohon kututture ya girma. Itace ya dawo domin saiwarsa na nan a ƙasa. Kunkuru ba shi da saiwa. In ya ƙare a wani kwari, ya ƙare kenan, sai in an ɗauko wani an kawo.

Abin da doka ta ce

Mutane da yawa sun ɗauka dokar farauta ta giwa ce da zaki da raƙumin dawa. A'a. Doka mai lamba 98-07 ta ranar 29 ga Afrilu 1998, wadda ta tsara farauta da kare namun daji a Nijar, ta shafi kamawa, ajiyewa da sayar da dabbar daji, kuma kunkurun tudu na cikin waɗanda ta ba kariya. Ma'aikatan ruwa da gandun daji ne ke da alhakin zartar da ita, kuma kowace gunduma tana da ofishin muhalli. Wato wanda ya kama ya sayar ya taka doka, wanda ya saya ya ɗaure a gida ba tare da sanin hukuma ba shi ma bai fita ba.

Sannan akwai yarjejeniyar CITES, wadda aka sa wa hannu a Washington a 1973 don sa ido kan cinikin namun daji tsakanin ƙasashe. Nijar da Najeriya duk suna ciki tun shekarun 1970. Kunkurun Sahel yana rukuni na biyu, ma'ana ba ya ƙetare iyaka sai da takarda. Tun shekarar 2000 kuma aka tsayar cewa adadin wanda aka kamo daga daji da za a iya fitarwa don kasuwanci shi ne sifiri. Ko ɗaya.

Wannan batu ya fi shafar Konni fiye da yawancin garuruwan ƙasar nan. Mu a nan iyaka ba wani abu ba ce. Mutum kan karya kumallo a Konni, ya yi cefane a Illela ta Najeriya, ya dawo kafin azahar. Ko lokacin da aka rufe iyakar daga 2019 zuwa ƙarshen 2020, da kuma bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 har zuwa Maris 2024, kowa ya san babura ba su daina bin hanyoyin daji ba. To a idon doka, ɗan kunkurun da ka sa a aljihun riga ka kai wa ɗan'uwanka a Sakkwato ya zama kayan cinikin ƙasa da ƙasa, daidai da wanda aka sa a jirgi zuwa Turai. Ɗan duwan ko ɗan kwastan da ya san aikinsa yana da hurumin ƙwacewa.

Kada a ɗauka wasan yara ne. A 2021 duwan na Burkina Faso sun kama ƴaƴan kunkuru 555 da aka ɗauko daga Mali za a kai Togo. Me ya sa Togo? Domin daga gaɓar teku ne ake fitar da su zuwa kasuwannin Turai da Asiya da sunan waɗanda aka haifa a gidan kiwo. Masu bin diddigin wannan ciniki sun daɗe suna zargin cewa ana cusa na daji a cikin na kiwo, a wanke su da takarda. Talakan da ya tsinto shi a ƙauye ɗan abin da zai sayi tiyar hatsi yake samu, ribar tana can gaba.

Amurka ma, wadda a da take cikin manyan masu saye, ta hana shigo da shi tun 2000, saboda kaskar da ke maƙale a jikinsa na iya ɗaukar wata cuta mai kashe shanu, tumaki da awaki. Wanga batu ya kamata mai kiwo ya riƙe: kunkurun da aka kamo daga daji aka saka a garke ɗaya da tumakin layya yana iya zuwa da baƙin da ba a gayyata ba.

To a daina ajiyewa kenan?

A ganina cewa a daina kwata-kwata magana ce da ba za ta yi aiki ba, kuma ba lalle ta zama alheri ga dabbar ba. Kunkurun da ke cikin gidajen mutane a garuruwan Sahel suna da yawa, wasu sun shekara ashirin ko talatin a tsakar gida, wasu ma suna ƙwai suna ƙyanƙyasa. Ba za a ce a kwashe su a zuba a daji ba. Wanda ya saba da gida yana iya kai cuta ga na daji, kuma in aka sake shi inda ba ramin da ya sani, ba ciyawa, ko ya mutu ko wani ya sake tsince shi ya kai kasuwa. Sakin kunkuru aikin masana ne. A Senegal akwai wata cibiya a Noflaye, kusa da Dakar, da ake kira ƙauyen kunkuru, inda ake karɓar waɗanda aka ƙwato ko aka gaji da su, a duba lafiyarsu, a killace su, kafin a mai da wasu yankin Ferlo. Wani masani ɗan ƙasar, Tomas Diagne, ya ba da rayuwarsa ga wannan aiki. A Disamba 2022 har daga Monako aka kawo ƴaƴan kunkuru 46 zuwa Senegal, zuri'ar waɗanda tsohon shugaban Mali Amadou Toumani Touré ya ba Yarima Albert kyauta. Dubi wannan zagaye: daga Sahel zuwa Turai, daga Turai a dawo da ƴaƴa a jirgi.

Abin da ya fi dacewa da mu shi ne a raba tsakanin na gida da na daji, a toshe ƙofar na daji. Mai son kunkuru ya fara da ofishin muhalli na gundumarsa, ya tambayi sharaɗin ajiyewa, kafin ya nemi dabbar. In an ba shi dama, ya nemi ɗan da aka ƙyanƙyashe a gidan wani, inda zai ga uwar da uban da idonsa, ya ga inda ta yi ƙwan. Mai sayarwa na gaskiya ba ya jin haushin tambaya. Wanda ya ce maka "kai dai ka saya, mi ruwanka da inda ya fito", ya riga ya ba ka amsa. Babban kunkuru da aka kawo cikin buhu, ga kaska a hammata, ga ƙoƙon baya ya goge da yawon daji, ba sai an yi maka bayani ba.

Akwai kuma tarkon tausayi. Mutum ya ga yaro na jan kunkuru da igiya, ya ce bari in saya in cece shi. Niyya mai kyau ce, amma yaron ya koyi cewa kunkuru kuɗi ne, gobe zai koma ya nemo wani, ya gaya wa abokansa. In ceto ake so, a sanar da ma'aikatan gandun daji ko mai gari.

A nan dole a faɗa wa hukuma tata gaskiyar. Dokar ta haura shekara 25, amma mutum nawa ne a Tsernawa, Dogerawa, Bazaga ko Badagishiri suka taɓa jin an karanta musu ita da Hausa? Jama'a sun san ɗan gandun daji a kan sare itace da gawayi, ba su san shi a kan kunkuru ba. Kuma muddin mai kunkuru a gida yana tsoron in ya je ofis tara za a ci shi, ba zai je ba. Da za a buɗe wani lokaci na rajista ba tare da hukunci ba, a san gida nawa ke da shi, maza nawa mata nawa, da an samu abu biyu: an san abin da ke hannu, an kuma samu tushen ƴaƴan da za su biya bukatar masu sha'awa ba tare da an taɓa daji ba. Nijar ta taɓa nuna tana iyawa. Raƙuman dawa na Kure sun ragu har zuwa 49 a 1996, aka tashi tsaye tare da mutanen ƙauyukan, suka haura 600, har a 2018 aka ɗebi takwas aka kai Gadabeji. Kunkuru bai da farin jinin raƙumin dawa wajen ƴan yawon buɗe ido, amma kiwonsa ya fi sauƙi nesa ba kusa ba.

Wanda ya riga ya ajiye

Yawancin masu saye ɗan ƙarami suke gani, wanda bai cika tafin hannu ba, su manta cewa nan da shekara goma sha wani abu sai mutum biyu sun kama kafin a ɗaga shi. Yana iya shekara 70 ko fiye. Wato dattijon da ya saya yau, magadansa ne za su ƙarasa riƙon, kuma ba a cika tambayarsu ba.

Sai haƙa. Rami shi ne rayuwarsa: a ciki yake tsere wa zafin Afrilu da Mayu, a ciki yake fakewa daga sanyin Disamba da Janairu. A daji ramin kan kai tsawon mita 10 ko fiye. A gidan ƙasa, in ba a ware masa wuri ba, gindin katanga zai nufa, ko ƙarƙashin rumbu, ko kusa da salga, kuma da damina kowa ya san abin da rami a gindin katangar laka ke haifarwa. Gidan da aka shafe da siminti kuwa kurkuku ne a gare shi. Yana bukatar fili mai ƙasa, da inuwa, da wurin shan hantsi, da shinge mai ƙarfi wanda aka binne gindinsa. Maza biyu ba su zama wuri ɗaya. Hausawa na cewa kunkuru ya so dambe ba shi da yatsa, amma wanda ya ga manyan maza biyu sun haɗu ya san ba ya bukatar yatsa: tunkuɗar juna suke har ɗaya ya kife, kuma wanda ya kife a rana in ba a juya shi ba mutuwa zai yi.

Al'adar huda gefen ƙoƙon baya a zura igiya ko waya ita ce mafi muni. Mutane sun ɗauka ƙoƙon kamar ƙwarya ne. Ƙashi ne mai rai, haɗe da haƙarƙari da ƙashin baya, akwai jini da jijiya a ciki. Yana jin zafi, ramin kuma na iya ruɓewa. Haka shafa masa fenti don ado. Malamanmu sun sha jan kunne da labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare ba ci ba sha, kuma ban ga dalilin da zai sa hukuncin ya tsaya kan kyanwa ba.

Abinci kuwa, a nan ne aka fi kuskure, don an ɗauka duk abin da ya rage a kwano nasa ne. Tuwo, shinkafa da miya, ƙashin nama, duk zai ci in an ba shi, amma cikinsa na mai kiwo ne. Ciyawa ce abincinsa, ɗanya da busassa, sai a ƙara da ganyaye irin su rama, yakuwa, ganyen kabewa, da ɗan harawa kaɗan. Yawan abinci mai maiƙo da nama na lalata masa ƙoda, ya sa ƙoƙon ya tashi tudu-tudu maimakon ya yi sumul. Ganyen da aka kwaso daga garake a wanke shi, saboda maganin ƙwari. A share leda daga inda yake, don yana haɗiye ta ta toshe masa hanji. Masu cewa kunkuru ba ya shan ruwa sun yi kuskure: a daji yana jure rashinsa ne don dole. A ajiye masa a faranti mai faɗi marar zurfi, musamman ƙanana, waɗanda ke saurin bushewa.

Batun lafiyar yara shi ma ba na wasa ba ne. Kunkuru, ko da lafiyarsa lau, yana ɗauke da ƙwayar cutar salmonela a kashinsa, mai sa zawo da zazzaɓi. Saboda haka ne Amurka ta hana sayar da ƙananan da ba su kai santimita 10 ba tun 1975, bayan an ga yara na sa su a baki suna kamuwa. A gidajenmu, inda yaro ke rarrafe a tsakar gida, ana shanya tsaba a tabarma, ana wanke kwanoni a ƙasa, haɗarin ya fi haka. Gidan da ke da jariri ko yaro ƙasa da shekara 5 ya fi kyau ya haƙura, ko a killace dabbar nesa da madafa da randa, kuma duk wanda ya taɓa ta ya wanke hannu da sabulu.

Kififiya kuma daban take, ko da yake mutane kan haɗa su. Ita ta ruwa ce. Ana samunta a tafkuna da madatsun ruwa irin na Mozage da Zango, masunta kan kamo ta a koma, yara kuma kan tono ta cikin laka in ruwa ya janye. Ba ciyawa take ci ba, ƙwari ne da ƙananan kifi da talibambam. Abin da aka saba yi shi ne a jefa ta cikin bokiti ko tsohuwar randa, wasu ma cikin rijiya wai tana tsabtace ruwa. Ba ta tsabtace komai, kashi take yi a ruwan da za a sha. A bokiti kuma, ba wurin hawa ta sha rana, ba abincin kirki, cikin ƴan watanni ƙoƙonta zai yi laushi ta mutu. Ita kam in ba a daɗe da kamo ta ba maganin mai sauƙi ne: a mai da ita tafkin da aka ɗauko ta, ba wani tafki daban ba, tun kafin ruwan ya ƙafe.